Kofi Biyu a Yini

Shafi na 17

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, na san tun jiya ya kamata in saka. Sau uku ina rubuta shafin nan ina gogewa. Masu zagin Narti a ƙasan shafin baya, ban ce ku daina ba, amma ku karanta wannan tukuna. In kuma akwai ma'aikacin asibiti a cikinku ya ga na yi kuskure, don Allah ya gyara mini a hankali.

*

Kwana uku ke nan Narti tana zaune a kan kujerar roba ɗaya, gefen gado na huɗu a ɗakin mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta jira kukan ya zo ranar Asabar, lokacin da maza huɗu suka ɗauko mahaifiyarta, Mbok Ponirah, wato Inna Ponirah, a kan ƙyauren ɗaki, suna ratsa ruwan tekun da ya cika layinsu har gwiwa. Bai zo ba. Ta sake jiransa da aka saka wa tsohuwar robar fitsari, tana ta kiran sunayen mutanen da suka mutu tun Narti tana goye. Shiru. Yanzu ta daina jira.

Abin da ta fi kallo shi ne daɓen asibitin. A bushe yake ƙamas. Ta manta rabon da ta ajiye takalmi a ƙasa, ta dawo ta same shi inda ta bar shi.

Jakarta tana kan cinyarta. Ko banɗaki za ta shiga, da ita take tafiya. Ranar da aka kawo su, likita ta tambaye ta ko Mbok ta yi wani ƙorafi kafin zazzaɓin, ko ta sha wani magani. Narti ta ce a'a, duka biyun. Amsar gaskiyar kuwa tana cikin aljihun jakar, a naɗe cikin baƙar leda.

Ƙarfe tara saura Mas Gunadi ya shigo.

Yayanta ne, shi ya sa take ce masa Mas. Su biyu kaɗai suka rayu cikin waɗanda Mbok ta haifa. Direban babbar mota ne a babban birni, a hanya ya kwana, rigarsa duk ta yamutse tana warin taba. A hannunsa akwai gorar ruwa da ya rungume kamar jariri.

Ya durƙusa, ya ɗauki hannun Mbok ya kai goshinsa.

"Mbok. Ni ne. Gun."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. Sai ta ce masa ya jibge buhunan ƙasar a bakin ƙofa, kuma kada ya kuskura ya shigo mata ɗaki da takalmi. Ta ɗauka mai kawo ƙasar cikon gida ne.

Gunadi ya daɗe a durƙushe kafin ya juyo.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun Asabar."

"Ranar Juma'a da na kira, kin ce lafiyarta ƙalau."

"Haka na ce."

Bu Warsih, matar da ke jinyar ƙanwarta a gado na biyar, ta ɗago daga ƙunshin shinkafar da take ci. Mace ce da ba ta iya ganin shiru ta ƙyale shi.

"Wannan ne na birnin? Yadda ake ta jiransa, na zaci sai ya sunkuya zai shigo ƙofa."

Gunadi ya yi mata murmushin dole, ya gaishe ta. Daga nan ya jawo kujera kusa da Narti ya rage murya. Ya ce kafin ya ƙaraso ya biya wajen tsohon malaminsu ya kwashe komai ya faɗa masa. Malam ya ce gidan da ruwa ya kwana ya wuni a cikinsa shekara da shekaru ba ya rasa masu zama, kuma tsohuwar da ta wayi gari tana hira da matattu haka kawai, ai ba sai an faɗa ba. Ya tofa addu'a a ruwan, ya ce a ba ta sau uku.

Narti ta gyaɗa kai. Da aljanun ne, da ta fi kowa samun sauƙi.

Ya tsiyaya ruwan a kofi, ya tallafo kan Mbok. Leɓunanta sun tsattsage, sun yi fari. Ta ƙura wa kofin ido, maƙogwaronta ya motsa. Sai ta ɗauke ido ta tsallake ɗanta, ta nemo Narti.

"Nduk." Haka take kiranta tun tana yarinya. "An yi magariba?"

"Sha, Mbok," in ji Narti.

"Ba a yi ba. Ga rana can."

Ta kau da kai. Ta yafito Gunadi da hannunta mai lafiya, ta yi masa raɗa kamar mai tona asirin wani.

"Bawan Allah, ɗauke abinka. Na sha na safe. Na biyu sai magariba, in yarinyar ta taso daga aiki."

Gunadi ya tsaya da kofi a hannu.

"Me take nufi?"

"Sambatu ne," in ji Narti. Muryarta ko rawa ba ta yi ba, har abin ya ba ta mamaki.

*

Dokta Hapsari ta iso wajen ƙarfe goma, da nas ɗaya a bayanta. Siririya ce mai gilashi, ba za ta kai Narti shekaru ba. Ba ta da yawan gaisuwa. Da aka ce mata wannan ne ɗan, sai ta ce gara da ya zo, ta buɗe takardun hannunta.

Ta ce fitsari da jinin da suka ɗiba ranar Asabar an ajiye su a ɗakin gwaji don a ga abin da zai tsiro, kuma ya tsiro. Abu ɗaya ne a duka biyun. Ƙwayar cuta ce ta fara daga mafitsara, ta hau ƙoda, ta faɗa jini. Ruɗewar nan da suke gani, ita ce. Tsofaffi da yawa haka take yi musu, kafin ma zazzaɓi ya fito sai hankali ya fara tafiya.

Gunadi ya tambaya ko daga ruwan tekun ta ɗauko ta.

"Ba daga waje ta zo ba, Pak," in ji likita, da kiran da ake girmama namiji da shi a nan. "A hanjinta take. Ni ma ina da ita, kai ma kana da ita. Muddin tana can, ba ruwanta da kowa."

Ya dubi gorarsa. Ya sauke ta ƙasa a hankali, ya tura ta ƙarƙashin kujera da ƙafa.

Likita ta ci gaba. Ta ce abin da ya dame ta shi ne maganin da suke ba ta kwana biyu ta jijiya ba ya taɓa ƙwayar. Zazzaɓi bai sauka ba, awon jininta kuwa ƙasa yake yi. Gwajin da zai nuna ainihin maganin da zai kashe ta sai gobe zai fito.

"Ni kuma ba na son in jira gobe. Yau zan canza. Amma kada in canza da ka, Mbak Narti, zan sake tambayarki. A 'yan watannin nan, ta sha wani magani? Ko na shago, ko ragowar na wani?"

Fankar sama tana juyawa, tana ƙara ɗaya a kowane zagaye. Narti ta ƙirga uku.

"A'a."

Dokta Hapsari ta dube ta ta saman gilashi. Ta zagaya ƙarshen gadon, ta yaye zanen, ta ce bari ta ga ko ƙafafun sun kumbura. Ta danna ƙwaurin dama da yatsa. Ta koma na hagu, ɓarin da ya shanye shekara biyu da suka wuce, ta zare safar.

A babban yatsan akwai 'yar roba ja, irin wadda ake ɗaure ƙunshin shinkafa da ita. An naɗa ta sau biyu.

Babu wanda ya nemi bayani. Duk macen da ta girma a ƙasar nan ta taɓa ɗaure babban yatsanta da roba ranar da fitsari ya zame mata wuta, yana zuwa ɗigo-ɗigo, ta tashi ta koma, ta tashi ta koma. Maza ma sun sani, sun gani a ƙafar iyayensu.

Bu Warsih ta leƙo.

"Ayya, ashe zafin fitsari ne. Ai kuwa roba tana yi, Bu Dokta. Ni in na ɗaura na kora da ruwan sanyi moɗa biyu, kafin azahar na warke."

"Ruwan ne ya yi aikin, Bu. Robar godiya kawai ta karɓa."

Nas ta miƙo almakashi, likita ta datse robar. Ta bar zobe a fatar, fari, a hankali yana komawa ja.

"Wa ya ɗaura?"

"Ni," in ji Narti.

"Yaushe?"

"Yau da asuba."

Gaskiya ne. Ta ga zazzaɓin ya ƙi sauka, ta ga robar a kan ƙunshin abincinta, hannunta ya yi abin da ya saba. Ba ta ma yi tunani ba.

"Ta farko fa? Yaushe kika fara ɗaura mata?"

Narti ta ji idon Gunadi a gefen fuskarta, kamar zafin tukunyar kakin da take zama gabanta a wajen aikin batik, inda suke zana ado a yadi da narkakken kakin zuma.

"Wata huɗu."

*

Dokta Hapsari ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta jawo kujerar Gunadi ta zauna, ta juya bayan wata takarda ta zana abu kamar tulu, da siraran hanyoyi biyu da suka hau sama zuwa wasu 'yan ƙwallaye biyu.

Ta ce ga mafitsara, ga ƙoda. A jikin mace, tsakanin inda bayan gida yake fita da inda fitsari yake fita ba nisa, hanyar shiga mafitsara kuma gajeriya ce, ba ta kai tsawon yatsa ba. Kullum ƙwayar tana samun hanyar tsallakowa, musamman in wajen tsarki an jawo hannu daga baya zuwa gaba. In ta shiga, tana da wasu 'yan gashi a jikinta da take kama bangon mafitsara da su, kamar ƙaya a zane.

"Ke 'yar bakin teku ce, Mbak. Kin fi ni sanin bambancin ruwa mai gudu da ruwa mai kwanciya."

Ta ce mai shan ruwa yana fitsari a kai a kai, duk fita ɗaya wanke tulun yake yi, ya kwashe su kafin su kama. Amma in fitsari ya kwanta awa takwas, awa goma, da ɗumi, ɗaya takan zama biyu kafin a gama dafa shinkafa, biyu su zama huɗu. Kafin yamma ba su ƙirguwa. In ba a kore su ba, sai su bi hanyoyin nan biyu su hau.

Ta ɗora bakin biro a kan ƙwallayen.

"Yanzu ki gaya mini. Ruwa nawa take sha a yini?"

Narti ta buɗe baki, maganar ta fito a jere, ba hawa ba sauka, kamar tana karanta labarin wata.

Kofi biyu. Ɗaya da safe kafin ta fita, shayi, rabin kofi ma in za a faɗi gaskiya. Ɗaya da magariba. Tana fita aiki ƙarfe bakwai, ba ta dawowa sai bayan la'asar, in ruwa ya cika hanya sai gab da magariba. Mbok ba ta iya tashi ita kaɗai. Ta ƙi ƙunzugun manya, ta ce ita ba jaririya ba ce, kuma da me za ta yi salla. In ta sha ruwa da rana sai ta jiƙa katifa, katifa kuwa babu inda za a shanya ta, tsakar gidan ruwa ne wata tara a shekara. Sau ɗaya ta jiƙe ta yi sati ba ta bushe ba, bayan Mbok ya fara gyambo. Daga nan Narti ta ɗauke butar shayin daga gefen gado ta ɗora a kan kabad.

Mbok ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ta koyi riƙewa.

Da zafin fitsarin ya fara, sai Narti ta ɗaura mata roba, ta dafa ganye ta wanke ta. Da ya ƙi, sai ta je shagon bakin layi ta sayo kafso huɗu, irin wanda ita ma take sha in nata ya tashi. Kwana biyu zafin ya tafi. Bayan wata ɗaya ya dawo, ta sake sayo huɗu. Karo na uku, shida ta sayo, bai tafi ba. Sai ta haɗa da farar ƙwayar ciwon jiki, safe da yamma, sati biyu, don Mbok ta samu barci. Tun ranar Laraba tsohuwar ta fara riƙe kwiɓinta tana rawar sanyi.

Ta zuge jakar, ta ciro baƙar ledar, ta zazzage a kan zanen gado. Fankon magunguna, sun lanƙwashe, wasu har sun fara tsatsa.

Nas ta tambaya me ya sa ta ajiye su.

"In na jefar a ruwa, ƙofar maƙwabta za su je."

Dokta Hapsari ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da gilashinta. Ta ɗauki na biyu. Ta faɗa wa nas wani dogon suna, ta ce a je a karɓo yanzu, kada a jira zagayen rana. Nas ta fita da sauri.

Sannan ta ce kafso huɗu ba ya kashe su duka. Raunanan yake kashewa, zafi ya lafa, mutum ya ɗauka ya warke. Masu taurin su rage, su hayayyafa, gidan ya zama nasu. Sau uku aka yi musu haka.

"Wannan kafson da abin da muke ba ta tun Asabar, 'yan gida ɗaya ne. Kwana biyu muna ba ta abin da ƙwayar ta riga ta saba da shi."

Ta ɗaga na farar ƙwayar.

"Wannan kuma ƙoda ba ta son shi, ballantana ƙodar da ba ta samun ruwa."

Narti ta gyaɗa kai. Kwana biyu. Ta ji maganar ta shiga, ta nemi inda za ta zauna a cikinta, ba ta tarar da komai ba.

Likita ta sunkuya gefen gadon inda ledar fitsarin take rataye. Ɗan abin da ke ciki ya yi duhu kamar shayin da ya kwana. Ta sa aka juye shi, aka rubuta. Ta ciro alƙalami mai kauri ta ja layi a jikin ledar, can ƙasa-ƙasa.

Ta ce za su saka sabon maganin, su ƙara mata ruwa ta jijiya. Zuwa la'asar tana son fitsari ya kai layin nan. In ya kai, ƙodar tana nan da ranta. In bai kai ba, za su yi wata maganar, ta injin wankin ƙoda, wanda babu shi a nan.

"Kada kowa ya taɓa ledar."

*

Gunadi ya jira sai da likita ta wuce gado na shida. Ya miƙe, ya ce ta zo.

Suka tsaya a ƙarshen baranda, wajen da masu jinya suke shanya tawul a kan ƙarfe. Ya ciro taba, ya ga allon hani, ya riƙe ta haka nan ba wuta.

"Kofi biyu."

Ta kai ido kan tawul ɗin da aka shanya.

"Kaza ma ana cika mata kasko, Narti."

"Kaza tana tashi da kanta."

Ya juyo kamar zai mare ta. Ta tsaya tana kallon maɓallin rigarsa na biyu, wanda aka ɗinke da zaren da bai dace ba. Hannun bai taso ba.

Ya ce uwar da ta goye su ta ratsa kasuwa da su, ita ce aka ɗora wa buta a kan kabad tana kallo. Ya ce shi yana can yana kwana a kan sitiyari da tunanin an bar ta a hannu nagari. Duk Juma'a yana kira, duk Juma'a sai ta haska masa fuskar Mbok a waya, an shafa mata hoda, an ɗaura mata kallabi mai kyau, a ce lafiya lau. Ya ce bakinta ya ruɓe ne da ba za ta faɗa masa ba?

"Kana tambaya ko ta ci abinci. Tana ci."

"Kada ki raina mini hankali."

"Ka taɓa ɗaga ta, Mas?"

Ya tsaya.

"Ba ɗagawar hoto ranar salla ba. Daga katifa zuwa fo. Hannu ɗaya ka riƙe ta kada ta zame, ɗaya ka yi mata tsarki, a tsaye cikin ruwa. Ka ga ta inda hannunka zai iya kaiwa, ko daga gaba ko daga baya."

Ba da zafi ta faɗa ba. Da ma da zafin ne.

Ta ce sau biyu ya sa aka cike ɗakin gaba da ƙasa, har sai mutum ya sunkuya yake shiga ƙofa, kowa a layi ya yaba. Banɗaki yana baya, inda yake tun zamanin babansu, taki uku ƙasa. In teku ta cika, abin da ke cikin ramin shi yake fitowa ya same su. Ta faɗa masa bara, ya ce bayan salla. Ta faɗa masa bayan salla, ya ce bayan damina.

"Wannan daban, wannan daban."

"To."

"Da kin ce mini abin ya kai haka, da na ɗauko ta."

"Ka kai ta ina? Ɗakinku ɗaya, hawa na uku."

Ya murƙushe tabar a tafin hannunsa, garin ya zube a daɓe. Wata mai shara da ke wucewa ta harare shi, ya ba ta haƙuri, ya durƙusa yana tattarawa da yatsu. Yana durƙushen Narti ta ƙarasa.

"Ni ma kofi biyu nake sha."

Ya ɗago.

"Duk matan layinmu haka muke. Ka tambayi wadda ka ga dama. Ba mai shan ruwa in ta san teku za ta cika. A wajen aiki ma, in ka tashi kakin ya daskare a bakin abin zane, sai ka sake narkarwa. Muna riƙewa. In ya yi zafi mu ɗaura roba, mu sayi huɗu. Ban yi mata abin da ban yi wa kaina ba." Ta ɗan tsaya. "Na ɗauka haka ake yi."

Gunadi ya miƙe da garin taba a hannu, bai san inda zai zuba ba. Idonsa ya kaɗa. Ita ta tsaya tana kallonsa yana abin da ta kasa yi kwana uku.

Da ya samu murya, sai ya ce ƙaryar ranar Asabar fa? Wannan ma haka ake yi?

Wannan kam ba haka ake yi ba. Ran nan ta ji tsoron idon likita, ta ji tsoron a kira shi a faɗa masa, shi ke nan. Tsoron da bai fi cikin cokali ba, ya ci kwana biyu.

"In ta tashi, ba za ta koma hannunki ba," ya ce.

"In ta tashi."

*

Suka koma ciki. An rataya sabuwar ƙaramar kwalba kusa da ledar ƙarin ruwa, tana ɗiga a hankali. Mbok ta yi barci, bakinta a buɗe.

Gunadi ya zauna ta ɓangaren kai, ya ba ta baya. Narti ta sauko daga kujera ta zauna a daɓe, daidai inda ledar take.

Siririyar robar fitsarin ta fito daga ƙarƙashin zane, ta lanƙwasa, ta shiga ledar. Ta bi ta da ido tun daga sama har ƙasa. Wata huɗu tana addu'a a kan hanyar dawowa daga aiki, Allah Ya sa ta tarar da katifa a bushe.

Aka kira azahar. Gunadi ya tafi ya dawo. Aka kawo abincin marasa lafiya, aka kwashe shi yadda aka kawo. Bu Warsih ta miƙo mata soyayyar ayaba a takarda, ta ce ta ci, ba a jinya da yunwa, in ta faɗi babu gadon da za a ba ta, duk sun cika. Da ta ga ba ta karɓa ba, sai ta ajiye mata a cinya, ta dawo da kofin ruwa cike ta dangwarar a gabanta.

"Wannan kuma ki shanye ina kallo. Ni ba likita ba ce, ina duka."

Narti ta ɗauka ta kai baki. Ta yi kurɓi biyu, ta tsaya inda ta saba tsayawa. Ta ajiye.

Wajen ƙarfe biyu ta ga kamar wani abu ya yi ƙyalli a cikin robar. Ta matsa kusa har goshinta ya taɓa ƙarfen gadon. Hasken taga ne.

Sau ɗaya Gunadi ya tambaya, bai juyo ba.

"Ya kai?"

"Da saura."

Rana ta sauko daga bango ta hau ƙafar gadon. Aka canza ledar ƙarin ruwa, ta biyu ta kusa rabi. Hannun Mbok da fuskarta sun fara cika, ƙananan layukan goshinta sun baje, ta yi kama da hotonta na da.

Ladanin masallacin asibiti ya gyara murya a lasifika don kiran la'asar.

Nas ɗin yamma ce ta shigo, wata daban, ba ta safe ba, da takarda a hannu tana tafe tana rubutu. Ta ce wa Narti ta ɗan matsa. Ta tsuguna, ta ɗaga ledar sama wajen haske, ta juya ta. Babu ko ɗigo a ciki. Ta bi robar da yatsu har ƙarƙashin zane ko ta naɗe. Ba ta naɗe ba.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"An ce kada a taɓa. Cikinku wa ya juye ta?"

Gunadi ya juyo.

"Ba wanda ya juye," in ji Narti. "Tun safe ina nan."

Nas ta saki ledar. Ta bar takardarta a kan gadon, ta nufi ƙofa, kafin ta kai ta fara gudu.